Yadda Ake Yaɓe da Zanen Fuskar Zaure da Laka da Makuba, Irin na Maginan Zazzau

Zanen fuskar zaure ba ya cin kwanaki. Gwanin magini idan ya tarar da bango a shirye da laka mai kyau, a kwana ɗaya zuwa biyu zai fitar da dagi a saman ƙofa, takobi a gefe, da igiyoyin da suka sarƙe suka kewaye bakin shiga, ya wanke hannunsa ya tafi. Abin da ke cin makonni shi ne wanda mai wucewa ba ya gani: zaɓen ƙasa, tsima ta, gyaran tsohon bango, da yi wa ruwan sama hanya. Zaurukan da kake gani a cikin birni zanensu ya zube bayan damina biyu, da wuya laifin ya zama na mai zane. Galibi ƙasar ce aka yi wa gaggawa, ko kuma indararo ne ya yi gajarta.

Bayanin nan na mai zauren ƙasa ne da ya gada yake son ya maido masa da kamanninsa, da wanda ke son ta da ɗan zaure ko katanga irin ta da a sabon gida, da kuma saurayin da ke bin magina yana son ya gane dalilin abin da ake sa shi yi. Zan bi aikin daki-daki.

Kafin ka taɓa ƙasa, je ka yi kallo

Idan a Zariya kake, ba ka bukatar tafiya nesa. Masallacin Juma'a na Zariya da ke kusa da fada aikin Babban Gwani Malam Mikaila ne, an gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 an lulluɓe shi da sabon gini na zamani, aka bar tsohon ginin ƙasa a ciki da ginshiƙansa da bakan gizonsa, kafin wani ɓangaren masallacin ya rufta a 2023. Akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Idan ka sami ganin ginshiƙan, ko da a kwafin ne, ka tsaya ka dubi adon da ke jikinsu. Ba tarkace ba ne, manyan layuka ne masu zurfi, kaɗan, kowanne da sarari a gefensa. Daga nan ka dubi ƙofar fada da launukanta, sannan ka zaga lungunan birni da na Tudun Wada, inda masu zane na shekarun 1950 da 1960 suka riƙa sa keke da mota da agogo da jirgin sama a fuskar gidajen 'yan kasuwa.

A wannan zagayen kada kyau kawai ya ɗauke maka hankali. Ka lura da inda ruwa ya ci: ƙarƙashin indararo, gindin bango, da ɓangaren da ke kallon gabas. Hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas shi ke shan dukan ruwa da iska. Idan ƙofar zaurenka gabas take kallo, ka sa a ranka tun yanzu cewa makubarka, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafa wa bango, za ta fi ta maƙwabcinka yawa, gyaranka ma zai fi nasa yawa.

Lokaci

Aikin rani ne. Ruwa a Zariya yakan ɗauke wajen watan Oktoba, amma bangon ƙasa mai kauri ba ya bushewa a mako ɗaya, sai ka ba shi har Nuwamba. Daga nan zuwa Maris kana da fili. Tsakiyar hunturu yana da nasa sharri, domin iskar tana busar da fatar yaɓe alhali cikinsa da ɗanye, sai ya tsattsage, ga hannun magini yana faso. Bazara kuma ruwan kwaɓi yana tsada, kuma hadarin farko ba ya sallama. Ni dai na fi son a kwaɓa ƙasa a Nuwamba a gama komai kafin ƙarshen Disamba, ko kuma a jira sanyi ya sassauta a yi a Fabrairu.

Wani abu da ake mantawa: ɗorawa a bazara take nuna. Wanda zai yi aiki a Nuwamba ya kamata ya sayi makubarsa tun lokacin da ake ɓarar ɗorawa a ƙauyuka, ta wajen Giwa ko Soba ko duk inda yake da sanayya, ya zuba a buhu ya ɗora a inda ba danshi.

Ƙasa

Jar ƙasa ake nema mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, wadda magina ke kira birji. Kududdufan cikin birni ai ramukan da aka ɗebi ƙasar gina unguwannin ne. Yau da yawansu sun zama juji ko an cike an yi gini a kai, sai dai ka yi cinikin tifa daga bayan gari. Ka faɗa wa mai kawowa ba ka son ƙasar sama, wato baƙar ƙasar gona mai saiwoyi. Ba ka son yumɓun fadama tsantsa, domin yana ƙanƙancewa idan ya bushe ya dare. Ba ka kuma son mai yashi da yawa, tana marmashewa da an goga mata kafaɗa. Idan akwai tsohon ɗaki da ya rushe a gidan, ƙasarsa dukiya ce, ta riga ta tsimu tun zamanin kakanni. Ka dai ware ta gindin bango wadda ta sha ruwan kwata da gishiri, wannan ba ta sake kama jiki.

Ga gwajin hannu. Ka jiƙa ɗan dunƙule, ka murza shi tsakanin tafukanka ya zama igiya mai kaurin babban yatsa, ka bar ƙarshenta ya riƙa reto. Idan ta katse nan take, yashi ya yi yawa, a ƙara yumɓu. Idan ta yi ta tafiya ba ta katse ba tana kuma manne wa hannu, yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi da ciyawa. Wannan gwaji na kan hanya ne. Na gaskiya shi ne na jikin bango, zan zo kansa.

Tun ƙasar tana busasshiya ka raba ta kashi biyu. Babban kashi a farfasa ɓurgunsa kawai, shi ne na cike ramuka da yaɓen farko. Ƙaramin kashi a tankaɗe shi da rariyar waya a fitar da tsakuwa, shi ne na yaɓen ƙarshe da zane. Tsakuwa ɗaya a cikin lakar zane ta isa ta ɓata layi lokacin da wuƙa ta bi ta kanta.

Tsimi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne masu gida suka fi takura wa magini. A baza ƙasa, a yi mata rami a tsakiya, a zuba ruwa ta sha. A kawo ramno, wato busasshiyar ciyawa da aka daddatsa gajeru, a watsa. A kawo kashin doki ko na jaki haɗe da shimfiɗar da dabbar ta tattake. Zariya ba ta rasa dawaki ba, duk gidan sarauta ko na mai sha'awar hawa akwai barga, kuma mai kula da doki murna zai yi ka kwashe masa. Sai a shiga da ƙafa a yi ta cuɗawa, wani yana juyawa da fartanya, har ciyawa ta ɓace a cikin laka. A tara ta tsibi guda, a rufe da tsohuwar tabarma ko ciyawa don kada rana ta busar da samanta.

Bayan kwana biyu ko uku a buɗe, a yayyafa ruwa, a sake tattakawa, a sake rufewa. Haka za a yi ta yi. Mako guda shi ne mafi ƙaranci, mako biyu ya fi. Za ka san ta yi idan launinta ya ƙara duhu, warinta ya sauya, ciyawar ta yi laushi ba ta sukar ƙafa, kuma idan ka ɗebo ta da hannu tana zuwa a haɗe da danƙo, ba ta rabuwa gutsi-gutsi. Dalilin duk wannan wahala biyu ne. Zaren ciyawa da na kashin doki shi ke riƙe laka lokacin da take ƙanƙancewa, ya hana ƙaramar tsaga ta zama babba. Ruɓewar da suke yi kuma ita ke ba ƙasar danƙon da ke sa ta kama bango. Ƙasar da aka kwaɓa da safe aka yaɓa da yamma tana da kyan gani mako guda, daga nan sai labari ya sha bamban.

Kashin zane ana sa masa ciyawa mafi laushi da gajarta, wasu magina ma kashin dokin kaɗai suke sa masa, domin doguwar ciyawa tana fitowa a gefen zane ta yi masa gashi-gashi.

Ana cikin tsimin nan sai ka yi gwajin bango. Ka zaɓi wani lungu, ka yaɓa faci uku ko huɗu, kowanne faɗin taki guda, ɗaya yadda ƙasar take, ɗaya an ƙara masa yashi, ɗaya an ƙara ciyawa. Ka bar su kwana uku. Wanda bai dare ba, bai saki bango ba, kuma ka goga masa hannu bai zubar da gari ba, shi ne awonka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ƙasar kowane rami da halinta, shi ya sa duk wanda ya ba ka awo na kwano kaza da kwano kaza bai ga ƙasarka ba, kada ka dogara da shi.

Ruwan makuba

Makuba ita ce ɓawon ɗorawa bayan an cire garin da kalwa. A daka ta ko a farfasa ta ƙanana, a zuba a duro, a cika da ruwa ya sha kanta, a rufe. Bayan 'yan kwanaki ruwan zai koma ja mai duhu, ya yi ɗan kauri, idan ka shafa tsakanin yatsu ka ji santsi. Mai gaggawa yana iya tafasa ta. A tace da buhu. Tukar kada a zubar, a zuba ta cikin lakar yaɓen farko. Idan makuba ta yi ƙaranci ana haɗawa da bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, ita ma a daka a jiƙa. Abin da ke cikinsu yana ɗaure ƙwayoyin ƙasa, ya sa ruwa ya riƙa zamewa maimakon ya shige. A kula, tana rina tufa, kada yaro ya shiga aikin da farar riga.

Gyaran bango, daga sama zuwa ƙasa

Ka fara hawa soro. Idan rufin yana tara ruwa, ko indararo ya toshe, ko bakinsa bai yi nisa da bango ba har ruwa yana gangarowa ta jikinsa, duk abin da za ka yi a ƙasa wasa ne. A gyara gangaren rufi, a sa dogon indararo da zai jefa ruwa nesa, a like kewayen inda ya huda rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye da bakin rufi, da kyau. Kada indararo ya zubo ta kan inda za a yi zane. Idan a nan yake, a mayar da shi gefe. A duba kan azara, idan gara ta ci a sauya tun kafin yaɓe.

Sannan fuskar bango. A bi ta da ƙwanƙwasa. Duk inda ya yi ƙarar wofi, tsohon yaɓe ya saki, a kankare shi har a kai ga ƙasa mai tauri. Idan an taɓa shafa siminti a sauke shi duka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka, don haka tsaga ba a shafe bakinta kawai. A buɗa ta da ƙarfe, a share ƙura, a jiƙa, a cusa laka har ciki a danna. Inda ramin ya yi zurfi, musamman gindin bango da ya zaizaye, ba a cika shi da laka zalla lokaci guda, zai zamo ya faɗo. Tubali ake jerawa. Ana mulmula shi da hannu, gindi mai faɗi kai mai tsini, a shanya ya bushe sarai kamar mako biyu, a jera shi tsininsa yana sama, a cike tsakani da laka. Wanda ya san zai bukace shi sai ya buga tun ranar da aka fara tsimi.

A gindin bango a yi dakali. Wurin zama ne na masu hira, amma babban aikinsa shi ne tare ruwan da ke fantsama daga ƙasa da wanda ke gudu a lungu. A nan ban ƙi dutse da siminti ba.

Yaɓe

A share bango da tsintsiya, a yayyafa masa ruwa ya yi danshi, ba sharkaf ba. Magini yana kan tsani, yaro yana miƙa masa curin laka. Daga sama ake farawa a gangaro. Ana maka lakar da ƙarfi don ta shiga ƙofofin bango, sannan a baza da tafin hannu. Kaurin yaɓen farko kamar yatsa ɗaya zuwa biyu. Kada a goge shi sumul, a bar sawun yatsu, su ne abin da na biyu zai kama. A bar shi ya bushe. Ƙananan tsaga a wannan mataki ba abin tashin hankali ba ne, na biyu zai rufe su.

Yaɓe na biyu da tankaɗaɗɗiyar laka ake yi, kuma da ruwan makuba ake sassauta ta maimakon ruwa zalla. Taurinta kamar tuwon da aka kwashe bai gama hucewa ba: yatsa yana shiga, amma ramin ba ya rufewa. Jikin bangon da ba za a yi wa zane ba, a nan ake gama shi. Magini yana jan yatsunsa a kan ɗanyen yaɓe yana yin baka-baka, layi bisa layi, har bango ya cika. Wannan ado ne mai sauƙi, kuma ya fi kyau da yamma idan rana ta karkata. Kewayen ƙofa kuwa, inda zane zai zauna, a lallashe shi da hannu ya kwanta.

Fitar da zane

Ka daidaita da magini a kan zanen tun kafin ranar. Ya zana maka a ƙasa da tsinke ko a takarda. Masu zanen babbar riga na cikin birni ma suna da ido a nan, domin dagi da sarƙa da da'irar tambari duk suna yawo tsakanin riga da bango. Shawarata ita ce a rage. Babban dagi ɗaya a saman ƙofa, igiya mai kewaye ƙofa, da abu ɗaya a kowane gefe, takobi ko allo, ya fi fuskar da aka cika ta har ido ya rasa inda zai sauka. Wasu suna sa shekarar gini. Surar mutum ko dabba ba a saba sa ta ba. Ayar Alƙur'ani kuma gara a bar ta, bangon waje yana shan ƙura da hannun yara, kuma wata rana zai zube.

Ana fara zane lokacin da yaɓe ya sha iska, ya daina manne wa yatsa amma farce yana shigarsa. A nemo tsakiyar ƙofa, a saki zare mai ɗan dutse a ƙarshensa don a sami layin tsaye, a ja wani a kwance. Zaren da aka turmusa a toka, idan aka ja shi aka saki, yana barin layi a bango. Da'ira kuma ƙusa da zare sun isa.

Ga yadda ake dagi, wanda shi ne tambarin da Jihar Arewa ta ɗauka zamanin Sardauna. A kan layukan nan biyu a zana dogayen zobba biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su gitta juna a tsakiya. Za su haɗu a wuri huɗu. Sannan a zana murabba'i da ke tsaye a kan kusurwarsa, ya ratsa hannayen nan huɗu. Kowane layi a yi shi biyu, ya zama igiya mai faɗin yatsa biyu ko uku. Ƙa'idar ɗaya ce: ka ɗauki igiya ka bi ta da yatsa, idan ta hau kan 'yar'uwarta a wannan mahaɗa, a ta gaba sai ta shige ƙarƙashi, haka har ta dawo inda ta taso. Ka sa alama a kowace mahaɗa tun kafin a ɗora laka. Sabon hannu a nan yake ruɗewa, ya sa igiya ta hau sau biyu a jere, kuma duk tsohon da ya zo wucewa sai ya gani.

Hanyar fitar da shi biyu ce. Ta farko ɗori: a karce cikin layin da tsinke ya yi kaushi, a jiƙa, a murza laka ta zama igiya a ɗora, a danna gefe da gefe har ta zama jiki ɗaya da bango, sannan a gyara gefenta da wuƙa da bayan cokali. Ta biyu sassaƙa: a yi yaɓe na biyu da kauri a wurin, a zana, a kwashe lakar da ke tsakanin layuka da wuƙa, zanen ya rage a tsaye. Sassaƙa ta fi ƙarko tunda ba abin da aka liƙa, ɗori kuma ya fi ba da tudu. A waje kada tudun ya wuce yatsa biyu. Kuma kowane layi na kwance a ɗan zaftare samansa ya gangaro, kada ya zama kanta da ruwa zai zauna. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi ke raba zanen da zai jima da wanda damina ɗaya za ta yi wa gibi.

A yi aiki yanki-yanki, gwargwadon abin da za a gama kafin laka ta ƙame. Idan rana tana dukan wurin a rataya tabarma ko buhu ta yi inuwa, ba tare da ta taɓa bango ba. Bushewa a hankali ake so. Washegari a dawo da cokali da ɗan ruwan makuba, duk siririyar tsagar da ta fito a danne ta tun laka tana da sauran danshi.

Zankaye ma, wato ƙahonnin da ke saman gini, a wannan rana ake gyara su, a daidaita tsayinsu, a tsaya daga nesa a duba, domin karkataccen zanko yana ɓata fuskar gida duk kyan zanenta.

Shafe da launi

Idan komai ya bushe sai a bi shi da ruwan makuba mai kauri, da tsintsiya mai laushi ko tsumma, daga sama zuwa ƙasa, a shiga kowane lungu na zane. A bari ya sha, a sake, sau biyu ko uku. Bango zai koma ja mai duhu da ɗan sheƙi.

Saman rawani da kan zankaye da rufi, magabata laso suke sa musu, wato simintin gargajiya. Ana haɗa shi da katsi, wato abin da ke kwanta a gindin rijiyar rini, a busar a ƙona a daka, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan tsiron dafara mai yauƙi. Yana da tauri kuma ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa da shi ake shafe rijiyoyin rinin kansu. Yanzu da marina suka ragu katsi ya yi wuya. Idan magininka yana da hanyar samu, a kashe kuɗin a kan waɗannan wurare kawai. In babu, a ninka makuba a kansu.

Launi kuwa, farar ƙasa a cikin ramukan zane da barin tudun a jansa ya wadatar. Mai son ƙari yana sa shuni. Fentin mai ba na bangon laka ba ne, yana toshe shi, danshi ya taru a baya, ya kumbura ya ɓare da fatar yaɓen.

Siminti ma haka, ya ma fi. Ana shafa shi a bangon ƙasa da niyyar hutawa da gyara, amma ba ya motsi tare da ƙasar, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, ran nan sai ka ji falle guda ya rufto. Ba wai zanen siminti ba sana'a ba ne, wasu daga cikin fitattun gidajen Tudun Wada da shi aka yi su. Wanda bangonsa na bulo ne, shi ne hanyarsa: filasta mai kauri ta siminti da yashi mai laushi, a zana, a sassaƙa da wuƙa tun tana ɗanya, a riƙa ba ta ruwa kwanaki, sannan fenti. Sai dai hannu ya yi sauri, siminti ba ya jira kamar laka.

Idan za a haɗa da daɓen cikin zaure, wannan aikin mata ne tun asali, kuma gayya ake yi. A baza birji mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, su jeru da madaɓai suna bugu tare, waƙar daɓe tana daidaita musu hannu, ana habaici ana dariya, ana yayyafa makuba ana sake bugu har ƙasa ta yi sumul. A tanadi abinci da goro, kuma a bar musu zauren su kaɗai.

Jinga da kulawa

Tsofaffin magina ba a kiransu kamar lebura. Ka je har gida ka gaida shi, ka ce, “Baba, zauren gidanmu ne nake so ka zo ka duba mana.” Idan ba ka san kowa ba ka tambayi mai unguwa, ko a kai ka wajen Sarkin Magina. Ya ga bango kafin a yi maganar kuɗi. A fayyace wa zai kawo ƙasa da ruwa da makuba, wa zai biya yara masu cuɗa, da abincin rana. A raba biya uku, na kwaɓi, na yaɓe, na gamawa. Idan ya ce ƙasa ba ta tsimu ba a ƙara kwana huɗu, kada ka ja da shi.

Bayan ruwan farko mai ƙarfi ka fito ka duba ƙarƙashin indararo da kan zankaye da gindin bango. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, ka riƙa hawa soro kana cire ciyawar da ta tsiro da abin da ya toshe indararo. Duk ƙarshen damina a toshe ƙananan ramuka, duk shekara biyu ko uku a sake shafa makuba, bangon gabas kuwa kowace shekara. Ka ajiye buhu ɗaya na tankaɗaɗɗiyar ƙasar da aka yi aikin da ita, domin faci da ƙasar wani rami launinsa daban yake fitowa.